Sami Hyypia: ga amsoshin, a daina turo tambaya ɗaya sau goma

Ɗan Sweden ne ko ɗan Norway?

Ɗan Finland ne, tsohon ɗan wasan baya na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Liverpool. An haife shi a 1973, ya buga wa ƙasarsa wasa 105.

Yana cikin 'yan wasan Istanbul?

Yana ciki. Shi da Carragher suka tsare bayan Liverpool a wasan ƙarshe na Zakarun Turai da aka buga a Istanbul a 2005, wanda AC Milan ta ci 3 kafin hutu, aka farke, aka ɗauki kofin a bugun fenareti. Har ƙwallo ya ci Juventus a Anfield a zagayen kwata-fainal. Mai cewa yana goyon bayan Liverpool amma bai san wannan ba, ya ji kunya.

Gerrard ne ya ƙwace masa kyaftin?

Haba, wane irin ƙwace? Koci Houllier ne ya miƙa wa Gerrard a 2003. Hyypia bai tayar da rigima ba, ya ci gaba da bugawa har 2009. Shekara 10, wasa 464, kuma fam miliyan 2.6 kacal aka sayo shi daga Willem II ta Holand.

Tunda gwanin ɗan wasa ne amma ya kasa a koci, ke nan kada ƙungiya ta ɗauki tsohon ɗan wasa?

To, a nan sai a bi a hankali. Da farko, ban yarda da "ya kasa" kai tsaye ba. Da Leverkusen ta Jamus ta kori kocinta Robin Dutt a Afrilun 2012, shi aka ba ƙungiyar, amma tare da Sascha Lewandowski, domin Hyypia bai da babban lasisin da Jamus ke buƙata. Su biyun suka ƙare na uku a Bundesliga a 2013, suka samu tikitin Zakarun Turai. Lewandowski ya koma horar da matasa, Hyypia ya rage shi kaɗai, ya fara kakar da kyau, sai sakamako ya lalace, aka sallame shi a Afrilun 2014.

Wasu na cewa ashe Lewandowski ne mai dabarar. Mai yiwuwa, amma ni ba zan rantse ba, don 'yan wasa sun fi jin maganar wanda suka ga ya ɗaga kofi, kuma wannan ma aiki ne. Abin da ya biyo baya dai babu daɗi. Brighton ta Ingila ta ɗauke shi a tsakiyar 2014, ya ajiye aikin a Disamba, ƙungiyar na cikin masu faɗawa. FC Zurich ta ɗauke shi a 2015, ta kore shi a Mayun 2016, ta kuma faɗi daga babban rukuni a kakar.

Ni a ganina a ɗauka, amma a fara duba takardarsa da mataimakin da zai zauna kusa da shi, kuma kada a jefa shi ƙungiyar da ke neman tsira. Ko hakan ma ba tabbas ba ne.

Ya taɓa samun jan kati?

Sau ɗaya a Liverpool, a Old Trafford, filin Manchester United, a 2003. An ci su 4-0. 'Yan United, na san dalilin da kuke tambaya.

Ya je Kofin Duniya?

A'a. Babbar gasar da Finland ta fara zuwa ita ce Euro 2020, shi kuwa ya rataye takalmi tun 2011.