Magungunan furotin don kare ƙwaƙwalwar jaririn da ya rasa iska wajen haihuwa

Magungunan furotin na kare ƙwaƙwalwar jarirai rukuni ne na magunguna da ake gwadawa don rage lahanin da ke samun jariri idan jini da iskar oksijin suka yanke wa ƙwaƙwalwarsa lokacin haihuwa. Yawancinsu furotin ne da jikin ɗan Adam ke yi da kansa, sai masana su kwaikwaya a ɗakin bincike ko su tace shi daga ruwan jini. Har yanzu babu ko ɗaya da aka amince da shi a matsayin tabbataccen maganin wannan lalura.

Abin da ke jawo lalurar sananne ne ga kowace ungozoma a Damagaram: doguwar naƙuda, rabuwar mabiyiya kafin jariri ya fito, matsewar cibiya, fashewar mahaifa, da jijjigar masu ciki. Jaririn yakan fito bai yi kuka ba, jikinsa a sake, ya kasa kama nono, wani kuma ya fara taune-taune tun a ranar farko. Wanda ya rayu yana iya tashi da shanyewar gaɓoɓi, farfaɗiya, ko matsalar ji da gani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen jarirai sabbin haihuwa a duniya daga irin wannan tangarɗa ta haihuwa suke.

Ɓarnar ba lokaci guda take aukuwa ba, kuma a nan ne fatan samun magani yake. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa nan take. Da jariri ya fara numfashi sai abin ya lafa na kimanin awa 6, har a ga kamar ya farfaɗo. Daga nan sai zagaye na biyu ya taso, ya ɗauki kwana biyu zuwa uku: kumburi, taruwar sinadarai masu guba, da mutuwar ƙwayoyin da da farko suka tsira. Kumburin kan ci gaba a hankali har tsawon makonni ko watanni. Sanyaya jikin jariri zuwa digiri 33.5 na awa 72 shi ne maganin da aka tabbatar a ƙasashe masu arziki tun gwaje-gwajen 2005, amma sai an fara shi cikin awa 6 na farko. A 2021 gwajin HELIX, wanda aka yi kan jarirai 408 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, ya nuna sanyayawar ba ta rage nakasa ba a can, mace-mace ma ƙaruwa suka yi.

Furotin da aka fi bincike a kansa shi ne iritiropoyitin, wanda ake taƙaitawa da EPO. Ƙoda ce ke yin sa a jikin babba, hanta kuma a jikin ɗan tayi, aikinsa shi ne sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Tun 1989 ake ba da na ɗakin bincike ga masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. Daga baya aka gano ƙwaƙwalwa ma tana da wuraren karɓarsa, kuma a jikin dabbobi yana rage kumburi, yana hana ƙwayoyi mutuwa, yana taimaka wa sabbin hanyoyin jini su tsiro. Wani gwaji a Sin a 2009, kan jarirai 167 da ba a sanyaya ba, ya nuna raguwar nakasa ga masu matsakaicin rauni. Sai dai babban gwajin HEAL na Amurka, wanda Yvonne Wu ta jagoranta aka fitar da sakamakonsa a 2022, ya sanyaya gwiwar masu bincike. An ba jarirai kimanin 500 EPO ko ruwan gishiri marar magani don kwatantawa, dukkansu ana sanyaya jikinsu. Mutuwa ko nakasa ta samu kashi 52.5 cikin ɗari na masu EPO, da kashi 49.5 na sauran, kuma munanan illoli sun fi yawa ga masu EPO. Gwajin PENUT na 2020 kan bakwaini 941 shi ma bai ga amfani ba.

Abin lura shi ne HEAL ya gwada EPO ne a haɗe da sanyayawa. Ko EPO shi kaɗai zai yi amfani inda ba a sanyayawa, wannan tambaya ce dabam, kuma ita ce ta fi shafar Nijar.

Sauran furotin ɗin suna baya a tafiyar. Darbipoyitin ɗan'uwan EPO ne da ke daɗewa a jini. IGF-1, mai sa girma, ya kare ƙwaƙwalwar 'yan tayin tumaki a binciken Okland ta Niyu Zilan. Akwai IAIP, da hanta ke zubawa cikin jini, wanda Barbara Stonestreet da abokan aikinta a Jami'ar Brown suka ga yana rage rauni a jariran ɓeraye. Akwai kuma laktoferin, wanda ke da yawa a dakashi, nonon farko da wasu iyaye ke matsewa su zubar. A ɓeraye ya nuna alamar kariya. Dukkansu suna fama da cikas ɗaya: furotin babba ne, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba ya barinsa ya wuce da sauƙi. Shi ya sa ake ba da EPO da yawa fiye da na ƙarancin jini, ake kuma gwada ɗigawa ta hanci.

Ga mai naƙuda a ƙauyen Tanut ko Gure, inda tafiya zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ta haura kilomita 100, awa 6 tana ƙarewa tun ana neman mota. Allurar da ma'aikacin lafiya zai iya yi a ƙaramin asibiti za ta fi dacewa da wannan yanayi fiye da na'urar sanyaya jiki, ko da yake EPO ma sai an ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a zafin watan Afrilu idan wuta ta ɗauke. Abin da ke hannu a yau shi ne awon ciki, sa ido kan naƙuda, fiɗa a kan lokaci, da hura wa jariri iska da 'yar jakar numfashi cikin minti na farko idan bai yi kuka ba, sannan a kula da ɗuminsa, da sukarin jininsa, da taune-taunen.