Jaja Wachuku

Jaja Anucha Wachuku (1918 zuwa 1996) lauya ne ɗan Najeriya, ɗan siyasa kuma jami'in diflomasiyya. Shi ne mutum na farko da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya damƙa wa ma'aikatar harkokin waje a Legas, a 1961, bayan shi Ɓalewa ya riƙe ta da kansa tun ranar samun 'yanci. An fi tunawa da shi kan shugabancin kwamitin sasantawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura Kwango lokacin rikicin ƙasar.

Tasowarsa

An haife shi ranar 1 ga Janairu 1918 a Nbawsi, ƙasar Ngwa, cikin Jihar Abiya ta yau. Ya karanta shari'a a Kwalejin Trinity da ke Dublin, ya zama lauya a 1944, ya dawo gida a 1947 ya shiga jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe. Gab da samun 'yanci, tsakanin 1959 da 1960, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar kakakin Majalisar Wakilai, wadda ke zamanta a gefen Filin Sukuwa, wurin da aka sani yau da Dandalin Tafawa Ɓalewa a Legas. Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ne ya gaje shi. Da Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, ƙasa ta 99, Wachuku ne ya ci gaba da jagorantar wakilanta a can.

Kwamitin sasantawa na Kwango

Kwango ta karɓi mulki daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni 1960. Mako bai zagayo ba sojoji suka yi bore, ranar 11 ga Yuli kuma Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin tagulla. A watan Satumba Shugaba Kasavubu da Firayim Minista Lumumba kowa ya ce ya tuɓe ɗan'uwansa, sannan Kanar Mobutu ya ajiye su duka, majalisar dokoki ta daina zama. A wannan hali Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin sasantawa na ƙasashen Afirka da Asiya a watan Nuwamba, aka zaɓi Wachuku shugaba.

Tun kafin ya tashi, kwamitin ya yi rauni ta fuska biyu. Ranar 22 ga Nuwamba Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba wakilan Kasavubu kujerar Kwango, wato an riga an fifita ɗaya daga cikin masu rigimar, kuma ta hannunsa ne kwamitin zai nemi izinin shiga ƙasar da ganin fursunoni. Sai ƙasashen da ke bayan Lumumba, irin su Gini da Mali, suka janye. Mai shiga tsakani da ɓangare ɗaya ke riƙe masa ƙofa, ɗayan kuma bai yarda da shi ba, aikinsa ba ya wuce sauraro da rubutu.

Kwamitin ya isa Leopoldville, Kinshasa ta yau, a farkon Janairu 1961, lokacin Lumumba na tsare a barikin Thysville. Ya nemi ganinsa bai samu ba. Ranar 17 ga Janairu aka kai Lumumba Katanga aka kashe shi, ba a sanar ba sai 13 ga Fabrairu. Rahoton da kwamitin ya miƙa a watan Maris ya ce a kira majalisar dokoki ta zauna ƙarƙashin tsaron Majalisar Ɗinkin Duniya, a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, a saki fursunonin siyasa, a fitar da soja daga siyasa a sake masa tsari, a kuma duba tsarin tarayya. Wannan na ƙarshe da wuya a ce ba ya ɗauke da ƙamshin Najeriya ta lokacin, mai jihohi uku. Ɓangare ɗaya ya tabbata: majalisar dokokin ta zauna a Jami'ar Lovanium, ta amince da gwamnatin Cyrille Adoula ranar 2 ga Agusta 1961. Katanga kuwa sai da ƙarfin soja ta dawo, a Janairu 1963.

Taron Legas da kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka

Rikicin Kwango ya raba Afirka gida biyu: rukunin Kasabalanka na su Nkrumah, mai son gwamnati ɗaya nan take, da rukunin Monrobiya wanda Najeriya ke ciki, mai son a fara da ciniki, sufuri da sadarwa, kowa na riƙe da ikonsa. A ƙarshen Janairu 1962 Legas ta karɓi taron ƙasashe kusan 20. An so kowa ya zo, amma rukunin Kasabalanka ya ƙaurace saboda ba a gayyaci gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ba. Duk da haka, ƙa'idojin da aka tsara a nan, daidaiton ƙasashe, rashin tsoma baki a harkar cikin gida da sasanta rigima ta hanyar shiga tsakani, su suka rinjayi yarjejeniyar Addis Ababa ta 25 ga Mayu 1963, wadda ta kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Da sojoji suka kashe Shugaba Sylvanus Olympio na Togo ranar 13 ga Janairu 1963, Wachuku ya tsaya kai da fata a kan kada a gaggauta amincewa da sabuwar gwamnatin. Togo ba ta zauna a taron Addis Ababa ba.

Abubuwan da ake saɓani a kai

A Disamba 1964 ya kāre gwamnatin Kwango a Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya kan saukar sojojin laima na Beljiyam a Stanleyville, Kisangani ta yau, abin da ya ɓata shi da ƙasashen Afirka da dama. Wasu marubuta na ba shi rabo a ƙoƙarin da ya sa Nelson Mandela ya tsira daga hukuncin kisa a 1964. Wasu na ganin matsin lamba daga wurare da yawa ya zo.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1965 aka mayar da shi ma'aikatar jiragen sama, daga baya Nuhu Bamalli na Zariya ya riƙe harkokin waje. Ya goyi bayan Biyafara lokacin yaƙin basasa. Ya yi sanata a jam'iyyar NPP daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a Inugu ranar 7 ga Nuwamba 1996.