Taswirar GPS ta masu tafiyar daji da babur a ƙasashen waje

Taswirar GPS ta tafiyar daji ita ce taswirar da ake saukewa a cikin waya, ko a wata na'ura ta musamman da ake ɗaurawa a kan mashin, ta riƙa nuna wa mutum inda yake da inda zai bi ko da babu sabis babu data. Ta bambanta da wadda muke buɗewa a cikin gari in za mu je biki Barnawa ko Unguwar Rimi a Kaduna, domin ita waccan kwalta ta sani da lambar gida, wannan kuwa aikinta burji ne da hanyar shanu da rafi da tudu. Masu dogon zango da babur sun daɗe da gane cewa babu taswira ɗaya da ta fi kowacce a duk duniya, kowace da yankin da take da ƙarfi, kuma ƙarfin nata ya danganta ne da su wa suka taka wannan ƙasar da ƙafarsu ko tayarsu, kuma yaushe.

Yadda abin yake aiki

Mutane da yawa suna haɗa GPS da data, alhali abu biyu ne. GPS taurarin ɗan'adam ne na gwamnatin Amurka, an harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Wayarka sauraro kawai take yi, in ta kama aƙalla huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take tsaye, ba ruwanta da layi ko kati. Kafin watan Mayun 2000 da gangan ake dagula siginar farar hula, a lokacin Bill Clinton aka daina, shi ya sa yanzu kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba a fili. Rasha na da nata GLONASS, Turai na da Galileo, Chaina na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin yanzu suna kama su gaba ɗaya.

Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kanta. Wanda ya ga lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna a 2021 zai gane wannan da sauri, ɗigon nan shuɗi yana nan yana motsi amma kewaye da shi fari fat, ba hanya ba gari. Haka zai same ka a tsakiyar hamadar Muritaniya in ba ka sauke taswirar tun daga gida ba.

Daga ina bayanan suke fitowa

Nan ne gizo ke saƙar. Manhajoji suna da yawa amma rijiyoyin da suke ɗibar ruwa kaɗan ne, kuma babbar cikinsu OpenStreetMap ce, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. 'Yan sa-kai ne ke zana ta, kowa na iya ƙara hanya ko gyara suna, kyauta ce, kuma a kanta OsmAnd da Organic Maps da Maps.me suke zaune, har ma akwai masu juya ta zuwa fayil ɗin da na'urar GPS ta kamfanin Garmin ke karantawa. Ke nan in ka sauke uku daga cikin waɗannan kana ganin ka yi tanadi, to taswira ɗaya ka sauke sau uku da riga daban-daban, in hanya ta ɓace a ɗaya da wuya ka same ta a sauran.

Abin da ya sa masu daji suke son OpenStreetMap shi ne tana rarrabe hanyoyin ƙasa. Akwai daraja ta 1 zuwa ta 5, ta 1 mai tauri ce kamar an zuba mata tsakuwa an daddaɓe, ta 5 kuwa ciyawa ce ko yashi ko laka zalla, sannan ana iya rubuta irin ƙasar wurin. OsmAnd na iya nuna wannan da launi in ka kunna shi a saiti, ita dai manhajar akwai wuyar sha'ani a farko, maɓallai kamar gaban jirgi, amma wanda ya jure mata sati biyu ba ya komawa. Organic Maps ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ba ta kai ta zurfi ba. Matsalar ita ce inda 'yan sa-kai suka yi yawa kamar Jamus ko Faransa har ƙaramar hanyar gona za ka gani da darajarta, inda suka yi ƙaranci kuwa wani ne ya zauna a ɗaki ya bi hoton tauraro ya ja layi bai taɓa zuwa ba, bai san ko akwai gada a wurin ko kwalekwale ake shiga ba.

Google Maps, wadda ta fito a 2005, ba a raina ta. Wajen neman gidan mai, masauki, banki ko bakanike a cikin gari babu kamarta, kuma ana iya sauke yanki a ajiye, illa dai abin da aka sauken yana da wa'adi in ba a sabunta ba, kuma tunaninta na mota ne, kullum ƙoƙarinta ta mayar da kai kwalta.

Sai masu sayarwa. Tracks4Africa ta Afirka ta Kudu an gina ta ne da sawun matafiya na gaske da suke turo abin da na'urarsu ta ɗauka, shi ya sa lokacin da take ƙiyastawa tsakanin gari da gari ya fi kusa da gaskiya, amma ƙarfinta a kudanci da gabashin Afirka yake, Namibiya, Botswana, Zambiya da makamantansu, in ka nufo yammacin Afirka sai ta fara sirancewa. A Turai kuma hukumomin safiyo na ƙasa suna da taswirori masu kyau ƙwarai, Ordnance Survey a Birtaniya, IGN a Faransa. iOverlander ita ba taswirar hanya ba ce sosai, wurin da matafiya ke rubuta inda suka kwana ne, inda suka sami ruwa ko mai, da yadda suka kwashe da jami'an boda, kuma kowane bayani da kwanan wata, wanda shi ne ya fi komai amfani.

Sawu da hanyar lissafi

Fayil ɗin da matafiya ke musaya sunansa GPX, ya fito a 2002 kuma kusan kowace na'ura na buɗe shi. Abu uku yake ɗauka: alamar wuri guda, hanyar lissafi, da sawu. Hanyar lissafi 'yan ɗigo ne kaɗan da na'ura ke haɗawa da kanta bisa taswirar da ke cikinta, don haka in abokinka ya turo maka ita, taswirarku kuma ba iri ɗaya ba, kai da shi za ku bi wurare daban, kuma da ka kauce kaɗan sai ta sake lissafi ta kai ka inda ba ka nufa ba. Sawu kuwa dubban ɗigo ne a jere kamar sawun garke a kan burtali, ba ya canzawa, ba ya magana, layi ne kawai ka bi ko ka bari. A daji sawu ake bi, kuma duk manhajar da ba ta iya buɗe GPX ta nuna shi ɓaro-ɓaro a kan taswira ba ta shiga lissafi.

Akwai sanannun sawu da aka riga aka haɗa. Trans Euro Trail ta ratsa ƙasashen Turai sama da 30, kyauta ake saukewa, kowace ƙasa da ɗan sa-kai mai kula da ɓangarenta, kuma suna sabuntawa, saboda haka a sauke dab da tafiya, kar a dogara da wanda wani ya tura a WhatsApp bara. A Amurka akwai Trans America Trail da Sam Correro ya tsara, ita kuma saye ake yi.

Layi a taswira ba izini ba ne

Mu nan mun saba duk inda taya ta shiga hanya ce, ko gonar wani ce a ba shi haƙuri a wuce. A Jamus yawancin hanyoyin cikin kurmi haramun ne ga abin hawa mai inji, tara ce mai zafi, a Ingila kuma wasu hanyoyin ƙasa ƙalilan ne doka ta yarda babur ya bi kuma taswirar Ordnance Survey tana nuna su da alama ta daban. Taswira za ta nuna maka titi lafiyayye daga Maroko zuwa Aljeriya, amma iyakar a rufe take tun 1994. A Yammacin Sahara da kewayen iyakar Muritaniya akwai nakiyoyin da aka binne tun zamanin yaƙi, wurin ba a sauka daga sawun da motoci suka bi ko da taswira ta nuna gajeriyar hanya. Arewacin Nijar wajen Agadez da Tenere maganar tsaro ce da rakiyar jami'ai, wannan babu manhajar da za ta faɗa maka, kamar dai yadda babu taswirar da za ta gaya wa baƙo halin da hanyar Birnin Gwari take ciki a wannan satin, sai direbobin tasha.

Damina ma haka. Masu ƙetarawa Kamaru ta tsaunin Mambila, daga Gembu ta Mayo Ndaga zuwa Banyo, sun san layin da ke sikirin ɗaya ne a Janairu da Agusta, amma a ƙasa hanya biyu ce, ɗaya ƙura ɗaya jar laka mai santsi kamar sabulu. A irin wannan wurin ne layukan tudu suke da rana, wato zanen da ke nuna hawa da gangara, inda suka matsu da juna to hawa ne mai tsanani. Yawancinsu daga awon da kumbon Endeavour ya yi ne a Fabrairun 2000, kuma a manhajoji da dama daban ake sauke su, wani lokacin da kuɗi.

Wasu ƙasashen kuma na'urar ce kanta matsala. Indiya ta hana shiga da wayar tauraro ba izini, an sha tsare matafiya a filin jirgi saboda ƙananan na'urorin aika saƙo ta tauraro irin inReach. Chaina tana da nata tsarin lambobi, GCJ-02, wanda ke gusar da wuri da gangan, sai ka ga ɗigonka yana tafiya a gefen titi da ɗaruruwan mitoci.

Lambobin wuri

Wannan ƙaramin abu ne mai ɓatar da mutane. Kaduna tana wajen 10.52 arewa, 7.44 gabas in an rubuta da ɗigo, in kuma da digiri da minti ne sai ta zama 10°31′ da 7°26′, wuri ɗaya ne rubutu biyu. Wanda aka karanto wa na biyun a waya ya buga 10.31 ya sauka kudu da fiye da kilomita 20, tunda digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Sannan GPS da ma'aunin duniya mai suna WGS84 yake aiki, tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa da ma'aunin Minna aka yi su, tsakaninsu akwai gocewar da ta kusa mita 100, kuma ƙasashe da yawa suna da irin nasu tsohon ma'aunin. Mita 100 ba komai ba ce a titi, amma in rijiya kake nema a cikin yashi da magariba komai ce.

Waya ko Garmin

Muhawara ce da ba ta ƙarewa. Na'urorin Garmin irin zūmo XT da Montana an yi su don ruwa da ƙura da rana, sikirin ɗinsu na ganuwa da tsakar rana, ana taɓa su da safar hannu, kuma kai tsaye suke shan wuta daga batirin mashin, sai dai tsada, ga canjin dala, kuma shigar musu da taswira sau da yawa sai an zauna gaban kwamfuta. Waya ta fi arha da sauƙi amma zafi ne ajalinta, Apple da kansa ya ce iPhone an yi ta ne don aiki a yanayin zafi tsakanin digiri 0 zuwa 35 na Salsiyas, to ka ɗaura ta a rana a watan Afrilu tana caji sikirin a ƙure, kafin ka kai Mararrabar Jos ta dushe ko ta ɗauke. Kamfanin ya kuma yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamara. Ni kaina na taɓa sa wani mai walda a Panteka ya haɗa min mariƙin waya na ƙarfe, aiki ya yi kyau ba laifi, amma da yake babu roba a tsakani bayan wata ɗaya duk hoton da na ɗauka rawa yake kamar ana kallo ta cikin ruwa.

Shi ya sa da yawa suke sayen tsohuwar Android mai tauri ba layi a ciki, ita ce a kan mashin, ta kirkin tana aljihu da kwafin komai. Ramin caji shi ne ke fara mutuwa saboda girgiza da ƙura, a tafi da igiyar caji biyu ko uku. Taswirar ƙasa guda a OsmAnd na iya cin ɗaruruwan megabait, manyan ƙasashe kuma kashi-kashi ake sauke su, saboda haka a duba wuri a memori, hoton tauraro kuwa ya fi haka ci sosai, yankin da ake shakka kawai ake ajiyewa.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi ana yinsa ne tun a gida. A sa wayar a yanayin jirgi, a buɗe yankin da mutum ya sani kamar tafin hannunsa, ƙauyensu ko bayan Rigacikun, a ga ko hanyar da ya san tana nan ta fito, a nemi sunan wani gari a ga ko binciken na aiki ba data, sannan a buɗe ƙasar da za a je a zuƙo sosai har sai ƙananan hanyoyi sun bayyana, don sau da yawa mutum na ganin ya sauke ashe manyan tituna kawai ke ciki. A gwada rubutun suna iri biyu ma, domin a ƙasashen renon Faransa garin da muke kira Damagaram Zinder za ka samu, Yamai kuma Niamey. Takarda har yanzu tana cikin jakar tsofaffin hannu, musamman Michelin mai lamba 741 ta arewaci da yammacin Afirka, ba don ta nuna ƙananan hanyoyi ba, sai don ita ce za ka shimfiɗa a kan tanki mutanen gari su taru su nuna maka da yatsa inda gada ta karye.