Waiwaye: Guntuwar Libarba da Gardamar Saiti

A Garwa da Marwa, duk majalisar da tsofaffin jandarmomi da maharba suka taɓo zancen ƙananan bindigogi, hukunci ɗaya za ka ji: guntuwar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, ba ta da saiti, ta razana ɓarawo ce kawai. Maharbin da ya tashi da doguwar bindiga gani yake tsawon bututu shi ke raka harsashi har inda aka aike shi. Amma a Turai da Amurka, masu tara tsofaffin bindigogi irin waɗannan guntayen suke bi da kuɗi, har bambancin inci ɗaya yakan raba mai tsada da mai araha. Ni a ganina an ɗora wa ƙarfe laifin da rabinsa ba nasa ba ne.

Mu da muka saba da awon Faransa, inci ɗaya milimita 25.4 ne. A libarba, ana auna bututu daga inda ya fuskanci gangar nan mai juyawa da ke ɗauke da harsasai zuwa baki, ba a haɗawa da gangar. Ke nan mai inci 2 bututunta bai fi santimita 5 da ɗan kai ba. Wani lokaci ma sunan ne kawai: wadda kamfanin Smith & Wesson ya daɗe yana sayarwa a matsayin mai inci 2, in ka aza mata ma'auni ba ta cika biyun ba, inci 1⅞ ce.

Tun da Samuel Colt ya yi wa libarbarsa rajista a Amurka a 1836, abin da ya fi ƙayyade tsawon bututu shi ne inda za a ɗauki bindigar. Wadda sojan dawakin Amurka suka karɓa a 1873 inci 7½ ce, don mahayi yana da kube a ɗamara, tsawo bai dame shi ba. Daga baya aka fitar da masu 5½ da 4¾. Guntuwa ta sosai daga Ingila ta yi suna: a 1872 kamfanin Webley na Birmingham ya fito da British Bull Dog mai inci 2½, wadda aka yi domin aljihun kwat. Maƙeran Liège a Beljiyam da wasu a Amurka suka yi ta kwaikwayonta, mai kyau da ta banza, suna zubawa kasuwa da araha. Da irin wannan samfuri aka harbi Shugaban Amurka James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington a 1881. Baƙin sunan guntuwar libarba daga wancan zamani ya samo asali: albarushi mai hayaƙi, ƙira ta gaggawa, abin saiti ɗan mitsitsi da ido ke wahalar kamawa.

Waɗanda suka iso ƙasarmu a ɗamarar hafsoshin Turawa matsakaita ne. Lokacin yaƙin Kusiri na 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy suka mutu rana ɗaya, libarbar hafsan Faransa ita ce samfurin 1892 ta masana'antar Saint-Étienne, mai harsashi milimita 8 da bututu milimita 117. Jamusawa, da suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, tun kafin nan sun rage wa tasu tsawo: samfurin 1879 ya kai kusan santimita 18, na 1883 ya dawo kusan 12. Turawan Ingila kuwa akasin haka suka yi. Webley ɗinsu ta soja inci 4 ce, sai a 1915, shekarar da aka ƙwace Garwa daga hannun Jamusawa, suka karɓi Mark VI mai inci 6. Wannan na ragewa, wancan na ƙarawa, kowa da hujjarsa.

Guntayen da ake tarawa yau akasarinsu na Amurka ne. A shekarun 1920 wani ma'aikacin Colt, John Henry FitzGerald, ya riƙa rage wa libarba bututu zuwa inci 2 domin 'yan sandan farin kaya, har aka laƙaba wa irin aikinsa suna Fitz Special. A 1927 Colt ya fitar da Detective Special, inci 2, harsashi shida. Smith & Wesson ya mayar da martani a 1950 da Chiefs Special mai harsashi biyar, wadda ta koma Model 36 a 1957. A 1950 ɗin dai Colt ya kawo Cobra mai jikin alminiyam, don sauƙin ɗauka.

To, saitin fa? Masu gwaji suna da wata na'ura da ake ɗaure bindiga a kai, irin Ransom Rest, ta yadda hannun mutum ba ya cikin maganar. In aka ɗaure lafiyayyiyar mai inci 2, takan tara harsasanta wuri ɗaya fiye da yadda ake zato, tazarar da ke tsakaninta da doguwa ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Dalili kuwa, aikin bututu a nan shi ne ya murɗa harsashi, kuma tsagogin da ke cikinsa kan yi wannan aiki a ɗan taƙi. A al'ada Colt tsaga shida yake yi masu murɗawa hagu, Smith & Wesson biyar masu murɗawa dama. Da zarar harsashi ya kama juyi kamar katantanwar yara, ya sami abin da zai tsayar da shi a hanya.

Matsalar tana tsakanin ido da hannu. Mai harbi yana daidaita ɗan ƙahon da ke kan bakin bututu ne da tsagar da ke baya. Idan tazarar abubuwan nan biyu santimita 10 ce, ya karkace da milimita ɗaya tak, a nisan mita 10 harsashi zai kauce da santimita 10. In tazarar santimita 20 ce, kuskuren nan dai santimita 5 zai haifar. Ka ɗora da nauyi: Model 36 rabin kilo ce da 'yan kai, amma jan kunamarta kai tsaye, ba tare da an ɗana ta ba, yana neman ƙarfin kusan kilo 5. Yatsa na ja, bakin bindiga na rawa, ga mariƙi ƙarami da ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Abin da guntun bututu yake ragewa ba gardama shi ne gudun harsashi, domin iskar albarushi ba ta gama tura shi ba ya fice. Shi ya sa ƙara da walƙiya suke yawa, musamman da harsashin .357 Magnum na 1935, wanda aka tsara domin dogon bututu. A nan maharbanmu suna da gaskiya.

Sai kuma abin da ya fi ɓata wa guntaye suna, wato waɗanda ba a haife su guntaye ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, an kwaso libarbobin Smith & Wesson samfurin Victory da Ingila ta yi amfani da su, 'yan kasuwa suka datse musu bututu, suka zurfafa ramukan ganga don su ci harsashin .38 Special, suka sayar da arha. Wadda Lee Harvey Oswald, wanda ake zargi da kashe Shugaban Amurka Kennedy, ya kashe ɗan sanda J. D. Tippit da ita a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963 irinsu ce, an dawo da ita daga inci 5 zuwa 2¼. Bututun ya yi wa harsashin ɗan faɗi, har masu binciken hukumar FBI ta Amurka suka kasa tabbatar da cewa daga ita harsasan suka fito ta zanen jikinsu, sai da kwanson harsasan suka dogara. Bayan kwana biyu Jack Ruby ya harbe Oswald da Colt Cobra, wadda ita daga masana'anta guntuwa ta fito, kuma a tazarar da hannu ke kaiwa.

Don haka mai tarawa, kafin ya tambayi farashi, baki yake dubawa. Yakan karkata bindigar ga haske ya ga ko gefen ramin an zagaye shi sumul daidai wa daida, ko kuwa akwai sawun zarto. Gefe ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaɗan, iska za ta riga fita ta nan ta ture gindin harsashi. Yakan karanta rubutun jikin bututu: in sunan kamfani ya gutsure, ko ya matso har bakin ƙarfe, an yanka. Yakan duba gindin ƙahon saiti ko akwai tabon dalma. A datsattsun Victory, ɗan makullin da ke ƙarƙashin bututu, mai riƙe kan sandar fitar da kwanso, yakan tafi tare da abin da aka yanke, sai sandar ta tsaya ba mariƙi. Colt da Smith & Wesson suna ba da wasiƙa daga kundin masana'anta mai nuna tsawon da bindiga ta fita da shi, kuma wasiƙar nan ce ke raba gardama kan Fitz Special, wadda jabunta suka fi na gaskiyarta yawa, ko tsohuwar Colt Python mai inci 3 da ba a ƙera da yawa ba.

Inci 3 ɗin shi ne sulhun da aka isa a ƙarshe. Tazarar saiti ta ɗan ƙaru, sandar fitar da kwanso ta sami tsawon da za ta tura shi waje gaba ɗaya, bindigar kuma ba ta hana zama. FBI ta ɗauki Model 13 ta Smith & Wesson mai inci 3 a farkon shekarun 1980. Manurhin MR 73 ta Mulhouse, ta 1973, wadda rundunar GIGN ta jandarmomin Faransa ta yi suna da ita, an yi ta da inci 2½, 3, 4, 5¼ har 8.

A wajenmu dai tara bindiga ba sha'awa ce da ake yi a fili ba, kuma yankin da ya sha fama da 'yan fashin hanya da ake kira zargina da kuma Boko Haram ya san dalili. Kamaru da Cadi duka suna cikin Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai. Dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai aji aji, har tsofaffin na tarihi ta ba su nasu ajin. Wanda ya buɗe adakar kakansa tsohon soja ya ci karo da samfurin 1892 ko Bull Dog ta Beljiyam, wurin hukuma zai fara dosa. Kada kuma ya yi gigin gwada ta: yawancin Bull Dog domin albarushi mai hayaƙi aka ƙera su, ƙarfensu ba ya jure harsashin zamani.