Dalma ba adda ba ce: amsoshi ga masu son ƙara wa zubi ƙarfi

Na daɗe ina zubin alminiyam a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, wanda mu maƙeran fari muke ce wa dalma. Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Na rubuta su ne don wanda ya sake zuwa in miƙa masa waya ya karanta.

Na gasa abin da na zuba, na tsoma a ruwa, bai yi tauri ba. Me ya faru?

Ba abin da ya faru. Ka yi wa dalma aikin adda ne. Baƙin ƙarfe ke taurara a cikin ruwa. Alminiyam da laushinsa yake fitowa, ƙarfin sai daga baya.

Daga baya kamar yaya?

Ka san yadda sukari ke ɓacewa a shayi mai zafi. Haka magniziyam da silikon ko jan ƙarfe ke narkewa a jikin alminiyam idan ya daɗe a zafi mai yawa, alhali shi bai narke ba. Ruwa ya kama su a nan. Sai ka mai da shi wuta kaɗan, su riƙa fitowa ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, su tokare cikin ƙarfen. Wani Bajamushe, Alfred Wilm, ya gano haka a 1906: ya ajiye abin da ya tsoma, bayan kwanaki ya tarar ya ƙara tauri shi kaɗai.

Tukunyar tuwo tana bukata?

A'a. Kada ka ɓata gawayinka.

In shanya shi a ranar Afrilu ya isa?

Ranar Garwa mutum take gasawa, ba ƙarfe ba. Digiri 40 da ɗoriya ina, digiri 155 da gashi na biyu ke bukata ina? Zai ɗan taurara a ajiye cikin kwanaki, idan an riga an tsoma shi daidai, amma ba zai kai ba.

Ina zuba fuli (wilin da bel ke ja) na injin niƙa da tarkacen da nake saye a kilo. Zan iya yin wannan a murhun gawayi?

To, zauna. Amsar ta danganta da abin da ka jefa a tukunyar narki. Idan gwangwanin lemo ne da tsofaffin kwanuka, manta, ko ka kwana kana gashi ba su karɓar wannan horon. Idan rim ɗin mota ne, yawancinsu haɗin da ake kira A356 ne, silikon kashi 7 cikin ɗari da ɗan magniziyam, shi kam yana karɓa sosai. Ƙa'idarsa, wadda ake kira T6: wajen digiri 540 na awa 4 zuwa 12, a tsoma cikin ruwan ɗumi ba tare da jinkiri ba, sannan wajen digiri 155 na 'yan awoyi. Fistan da kan inji sukan zo da jan ƙarfe a ciki, su kuma ba a wuce wajen 500 da su, don wani ɓangare na cikinsu yana fara narkewa da ɗan abin da ya haura haka.

Ka ga inda gizo ke saƙa. Alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Yana nan fari tas, sai ka ga ya zube. Haɗin silikon yana fara narkewa a 577, wani ƙasa da haka ma. Tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna ba ta kai digiri 40 ba, kuma awoyi za ka riƙe ta, da gawayi da fanka. Na taɓa gwadawa da ido. Fuli biyu na sa, ɗaya ya fito da gumi a jiki, ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje, na buga masa guduma ya rabe kamar ƙuli-ƙuli. Kuma idan yashin da kake zubi a ciki ko tarkacenka na da laima, iskar da ta maƙale a ciki za ta kumbura ta yi bororo.

Abin da nake ba da shawara, kuma ban ce zai yi wa kowa ba: ware rim kaɗai, kada ka gauraya. Sayi ma'aunin zafi mai waya. Idan ba ka da tanderun da zai tsaya a 540, tsallake babban gashin. Ka fitar da zubin daga yashi da wuri ya huce da sauri, sannan ka sa shi a tanderun burodi na gida, zafin da bai kai 200 ba, 'yan awoyi. Ƙarfin ba zai kai na T6 ba, amma yakan fi daɗin yanka, ba ya liƙe wa bakin abin yanka. Ka zuba ɗan guntu tare da shi don gwaji da zarto.

In na ƙara awoyi zai ƙara ƙarfi?

Zai kai ƙololuwa ya fara sauka. Kwantar da hankalinka, awa ɗaya a kai ba ta kashe shi. Kwana guda a wuta mai yawa ita ce matsala.

Rim ɗina ya tsage, in yi walda in hau?

Haba ɗan'uwa. Zafin walda ya warware horon da masana'anta ta yi masa a gefen ɗinkin, wurin ya koma laushi. Da iyalinka za ka hau hanyar Marwa a kansa? Kawo shi in saya a kilo.