Likitoci mata masu aikin rabin lokaci a Birtaniya: albashi, himma da adalci

Wane ne likitan GP, kuma me ya sa ake ta ce-ce-ku-ce kan mata?

A Birtaniya, mara lafiya ba ya wucewa babban asibiti kai tsaye sai in lamarin gaggawa ne. Likitan unguwa yake fara gani, wanda ake kira GP, shi zai duba shi ko ya tura shi gaba. Tun wajen 2014 mata suka fi maza yawa a wannan fanni, kuma da yawansu ba sa yin cikakken mako, galibi saboda raino. A 2013 wata 'yar majalisa, Anne McIntosh, ta ce a majalisar dokoki hakan nauyi ne a kan hukumar lafiya ta NHS, aka yi mata ca. Har yau maganar tana tasowa duk lokacin da mutane suka kasa samun ganin likita.

To ai gaskiya ne, wadda ke zuwa kwana uku ba ta kai mai zuwa kwana biyar ba?

A takarda haka ne. Ana lissafin aikin GP da zango-zango, kowane zango awa 4 da minti 10. A kwantiragin da ƙungiyar likitoci ta BMA ta tsara wa masu albashi, zango tara ne cikakken mako, wato awa 37 da rabi. Mai zango shida, wato kwana uku a mako, awa 25 ke nan.

Sai dai zangon ba ya ƙarewa da fitar mara lafiya na ƙarshe. Akwai sakamakon gwajin jini da za a duba, wasiƙu daga manyan asibitoci, takardun magani da za a sa wa hannu, da waya da za a buga wa wanda sakamakonsa ya ba da tsoro. Likitar da ta shiga ƙarfe takwas na safe ta fita ƙarfe bakwai da rabi na dare, kwana uku a mako, ta yi awa 34 da rabi. A wani ofishin gwamnati wannan ya kusa cikakken aiki. Ita kuwa ana ce mata mai rabin lokaci, kuma awa 25 za a biya ta.

Ga kuma ayyukan da ba sa raguwa don an rage kwanaki: tantancewar shekara-shekara, sabunta lasisi duk shekara biyar, tarukan asibiti da kwasa-kwasai. Mai zango huɗu da mai zango tara duk abu ɗaya ake nema daga gare su.

Nawa ne bambancin albashin?

Binciken da gwamnati ta sa Farfesa Jane Dacre ta jagoranta, wanda ya fito a Disamban 2020, ya nuna cewa a Ingila abin da likitocin GP mata ke samu ya gaza na maza da kashi 33.5 cikin ɗari. Da aka daidaita lissafin kamar kowa na yin cikakken mako, sai giɓin ya dawo kusan kashi 15. Ashe ƙarancin awoyi bai isa ya bayyana shi duka ba.

Daga ina ragowar take?

Babban ɓangarenta daga mallakar asibitin ne. Yawancin asibitocin GP ba na gwamnati ba ne, na likitoci ne da suka yi haɗin gwiwa suka karɓi kwangila daga NHS, suna raba riba. Sauran likitocin albashi ake ba su, kuma mata sun fi yawa a wannan rukuni. Masu rabon riba sun fi samu nesa ba kusa ba. Amma su ke ɗauke da bashin gini, albashin ma'aikata da asara in ta zo, kuma mace mai hannun jari a asibitin, wato ɗaya daga cikin masu rabon ribar, tana cin gashin kanta ne, don haka hutun haihuwarta ya rataya ga abin da aka rubuta a yarjejeniyar haɗin gwiwar. Mai ƙananan yara ba ta cika son wannan kasadar ba, kuma ban ga laifinta ba.

Doka fa?

Wata doka ta shekarar 2000 ta hana a nuna wa ma'aikacin rabin lokaci bambanci, dokar daidaito ta 2010 kuma ta hana bambancin jinsi. Ta farkon tana kare mai albashi ne, ba mai hannun jari ba.

Masu cikakken mako ba su da nasu ƙorafin?

Suna da shi, kuma ba na banza ba ne. Idan sakamakon gwaji mai hatsari ya iso ranar Alhamis, likitar da ta nema ba ta nan sai Litinin, wani ne zai ɗauka. Mara lafiya mai ciwon suga ko hawan jini ma ya fi son ganin fuskar da ya saba da ita. Wasu asibitocin suna haɗa likitoci biyu su riƙa kula da rukuni ɗaya na marasa lafiya, ranar da ɗaya ba ta nan ɗayar na nan. Wasu kuma suna raba aikin takardu da na jiran kira daidai da yawan zangon kowa, su rubuta shi a kwantiragi tun ranar ɗaukar aiki.