Ƙyanƙyasar ƙwan macijin kiwo

Ƙyanƙyasar ƙwan macijin kiwo ita ce kula da ƙwan da macijiyar da ake ajiyewa a gida ta saka, har ya fashe 'ya'ya su fito. An fi yin wannan kiwo a Amurka da Turai, kuma macizai biyu ne suka fi yawa a hannun masu yin sa: macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, da ƙaramar mesar Yammacin Afirka mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Kusan kashi 70 cikin ɗari na nau'o'in maciji ƙwai suke sakawa. Saura, irin su kasa, haihuwa suke yi.

Ƙwan ba-zata

Sau da yawa mai kiwo yakan buɗe akwati da safe ya tarar da ƙwai alhali bai taɓa kai macijiyarsa barbara ba. Mafi yawan irin wannan ƙwai fanko ne, ƙanana, launinsu rawaya-rawaya, kuma ba sa daɗewa suke ruɓewa. Wani lokaci kuma mai rai ne. Ko dai an sayo ta da ciki, ko an yi kuskuren tantance jinsi aka haɗa ta akwati ɗaya da namiji, ko kuma ta adana maniyyi a jikinta tun wata tsohuwar barbara, abin da macizai kan yi na watanni har shekaru.

Hanya ta huɗu ita ce ƙwai ya yi rai ba tare da namiji ba sam. A 2003 aka tabbatar da haka ta gwajin ƙwayoyin gado a jikin wata mesar Bama da ke gidan namun daji na Artis a Amsterdam. A 2012 wata ƙatuwar mesa a gidan namun daji na Louisville ta samu 'ya'ya shida, duka mata, ba ta taɓa zama da namiji ba. A watan Yulin 2020 kuma wata Python regius da aka ƙiyasta shekarunta sun kai 62 ta saka ƙwai bakwai a St. Louis, bayan fiye da shekara 15 rabonta da namiji.

Tarihi

Kafin a ƙera injin ƙyanƙyasa na macizai, abin da ya fara ɗaukar hankalin masana shi ne kwancin mesa. A wajejen 1832 wani Bafaranshe matafiyi, Lamarre-Picquot, ya gaya wa majalisar masana kimiyya ta Faransa cewa mesar Indiya tana naɗe ƙwanta tana ɗumama shi. Ba a yarda da shi ba, domin a lokacin kowa ya ɗauka dabba mai jan ciki ba ta da zafin jikin da za ta ba ƙwai. A 1841 wata mesa ta saka ƙwai a lambun Jardin des Plantes na Paris, masanin dabbobi Achille Valenciennes ya riƙa auna zafinta, ya ga ya ɗara na ɗakin da take ciki, kuma wasu daga cikin ƙwayayen suka ƙyanƙyashe bayan kimanin wata biyu. An sake irin wannan awo a gidan namun daji na Landan wajen 1862.

Duk da haka gardama ba ta mutu ba sai 1966, lokacin da masana uku, Hutchison da Dowling da Vinegar, suka nuna, da mesar gidan namun daji na New York, cewa tana motsa tsokar jikinta kamar mai makyarkyata, kuma wannan motsi ne ke haifar da zafin. Ƙaramar mesar Yammacin Afirka tata dabarar daban ce. Binciken da Fabien Aubret da abokan aikinsa suka yi a Togo, aka buga wajen 2005, ya nuna babban amfanin naɗewarta shi ne hana ƙwai bushewa.

Togo da Benin da Ghana su ne manyan ƙasashen da ake fitar da wannan mesa. Mafarauta kan tono masu ciki ko ƙwansu daga ramuka da tsofaffin suri, a ƙyanƙyashe a gonakin kiwo, a tura 'ya'yan ƙetare a ƙarƙashin ƙa'idojin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. A birnin Ouidah na Benin kuwa, akwai ɗakin bauta da ake girmama wannan mesa.

Yadda ƙwan yake

Wanda ya saba da ƙwan kaza zai yi ɓarna idan ya bi sabonsa. Ɓawon ƙwan maciji ba ya da tauri, kamar jemammiyar fata yake, yana shan danshi daga inda aka ajiye shi, har ya ƙara girma. Ƙwayayen sukan manne da juna jim kaɗan bayan an saka su, kuma ba a raba su da ƙarfi. Kaza tana juya ƙwanta kullum, shi kuwa na maciji ba a juya shi, domin ɗan tayin yakan zauna a ɓangaren sama tun a kwanakin farko. Shi ya sa ake yi wa saman kowane ƙwai alama da fensir kafin a ɗaga shi. Idan aka haska shi da tocila a cikin duhu, mai rai yakan nuna jajayen jijiyoyi, fanko kuwa rawaya kawai za a gani.

Zafi da laima

Ana jera ƙwan a cikin robar da ke da murfi da 'yan huji, a nutsa rabinsa cikin bamikulait ko falait (wasu ma'adinai marasa nauyi masu riƙe danshi) da aka jiƙa. Ga bamikulait, abin da aka saba shi ne nauyinsa daidai da nauyin ruwa: idan aka damƙa ya dunƙule amma kada ya ɗiga. Ƙwan Python regius, wanda yawanci bai wuce 3 zuwa 11 ba, yana son digiri 31 zuwa 32 na ma'aunin Salshiyas, kwana 55 zuwa 60. Na macijin masara yakan kai 10 zuwa 30, a kan digiri 27 zuwa 29, wata biyu ko kusa da haka. Injin ƙwan kaji, mai digiri 37 da ɗoriya da kuma na'urar juyi, kashe shi zai yi sai an gyara saitinsa. Zafin da ya wuce kima ya fi saurin kisa a kan sanyi kaɗan, kuma yana jawo karkatar ƙashin baya. Raɓar da ke taruwa a murfi ana share ta don kada ta ɗiga a kan ɓawo. Lotsewar ƙwai da wuri alamar bushewa ce, amma a makonnin ƙarshe ba abin damuwa ba ne.

Saɓanin kunkuru da kada, zafi ba shi ke yanke jinsin ɗan maciji ba.

Fitowa

Ɗan maciji yana tsaga ɓawo da wani ɗan haƙori da ke bakin hancinsa, ya leƙo da kai, ya zauna kwana ɗaya ko biyu yana shanye sauran gwaiduwa. Ba a jawo shi. Yakan yi saɓar farko cikin mako ɗaya zuwa biyu, sannan a fara ba shi jaririn ɓera.

Uwa

Idan macijiya ta yi ta yunƙuri ƙwai ya maƙale, aikin likitan dabbobi ne.

Saɓani

Wasu suna barin mesa ta yi kwancinta, wasu suna kwashewa zuwa inji. Wasu suna yanka ɓawo da almakashi idan lokaci ya yi, wasu suna ganin ganganci ne. Wani gwaji na 2015 a kan macijin ruwa na Turai ya nuna juya ƙwai bai hana ƙyanƙyasa ba, sai dai 'ya'yan sun fi mutuwa bayan fitowa. Masu kiwon da ba su da inda za su kai 'ya'ya ashirin sukan daskarar da ƙwan a firiza tun yana sabo, kafin su zubar.